Ciwon ciki da ciwon gaɓoɓi a tare: taifod ne ko akwai abin da muke tsallakewa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani su taimaka muna da shawara. Ƙanena na, saurayi ɗan shekara 27, dillancin shanu da awaki shikai a Kara. Tun bayan babbar sallah ba shi da lahiya. Da rana sai ka gan shi garau har shi tahi kasuwa, amma da la'asar ta yi sai zazzaɓi shi ruhe shi, cikin dare shi yi ta zuhwa har sai an canza mai riga. Ƙugu da gwiwa suna mai ciwo, in ya yi sujada ba shi tashi sai ya dahwa bango. Yanzu kuma ciki ya shigo, wajen ƙahon zuciya shina mai zahi, wani lokaci kuma ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. An gwada jini anka ce taifod da maleriya, ya sha magani, ya yi allurai, sai shi ɗan samu sauƙi abin shi dawo. Ya rame ƙwarai. Tsohuwarmu har ta hwara cewa hannu anka sa mai a kasuwa. Mi kuka gani?

Hajiya Inna:
Wa'alaikumus salam. Allah shi ba shi lahiya ɗana. Wanga sanyi na, ba wani abu ba. Sanyi in ya daɗe cikin jiki shi ka kama ƙugu da gwiwa, daga nan shi hau ciki. Ku riƙa dahwa mai citta da kanumfari da tahwarnuwa, a riƙa gasa mai ƙugun da ruwan zahi sahe da dare, kuma shi bar kwana bisa siminti.

Maman Sadiq:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni kam da na ji an haɗa ciwon ciki da ciwon ƙashi, zuciyata wuri ɗaya take zuwa, don ina da mai sikila a ɗaki. An taɓa duba rukunin jininsa? Ba na A da B da O nake nufi ba, na AA da AS da SS. Yarona in ciwon ya tashi, hannu da ƙafa da baya da ciki duk tare suke kamawa, har ya riƙa naɗewa a ƙasa. Akwai kuma masu SC, su nasu yakan zo da sauƙi, wani sai ya girma ake ganewa. Gwajin ba shi da wahala, ku fara kawar da wannan tukuna.

Ɗan Mabera:
Na gode Hajiya, na gode Maman Sadiq. Ba a taɓa gwada shi ba gaskiya, amma tun shina yaro bai taɓa irin wanga ciwo ba. Cikinmu ma shi na mai ƙarhi.

Malamin Lab:
Yaya, wane gwaji aka yi aka ce taifod? Na san amsar ma, Widal ne. Ni aikina ke nan kullum, kuma ina faɗa da babbar murya cewa gwajin nan ya jefa mutanenmu da yawa cikin wahala. Ba ƙwayar taifod yake gani ba. Abin da yake aunawa shi ne martanin da jiki ya taɓa yi wa ƙwayar ko danginta. Mu da muka tashi muna shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, ka tara lafiyayyu a bakin titi ka ɗebi jininsu, za ka samu da yawa takardarsu ta nuna 1:80 ko 1:160 alhali ko ciwon kai ba sa yi. Maleriya ma kanta tana ɗaga shi. Sai mutum ya zo da kowace irin cuta, a ga wannan lamba, a rubuta taifod, a ɗora masa allurai.

Gwajin da ke tabbatar da taifod shi ne a shuka jinin a kwalba a jira ƙwayar ta tsiro, wanda kan ɗauki kwanaki, kuma ya fi kyau a yi shi kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sannan taifod ba ta da ɗabi'ar tafiya da rana ta dawo da la'asar har wata da watanni. Zazzaɓinta hawa yake yi kullum, ya kwantar da mutum.

Mai Kemis:
Malam, kada dai ka sa mutane su raina taifod. Akwai ta a garin nan sosai, musamman da damina in ruwa ya wanke kwatoci ya shiga rijiyoyi. Na ga wanda aka yi wasa da tasa har hanjinsa ya huje aka yi masa aiki. Kuma shuka jinin da kake faɗa, talaka nawa ne zai iya biya ya kuma zauna jiran sakamako mara lafiya na kwance?

Malamin Lab:
Ban ce babu ita ba Alhaji. Hujewar hanji gaskiya ne, yawanci a mako na uku take faruwa in ba a yi magani ba. Cewa na yi wanda aka yi ta yi wa maganin taifod abin yana dawowa, lokaci ya yi da za a daina kiran sunanta a nemi wani abu. Kuɗin alluran da aka maimaita ai sun isa biyan gwajin.

Likita:
Assalamu alaikum. Ba a gane cuta ta waya, sai an ga mutum an taɓa cikinsa, amma amsar wasu tambayoyi za ta rage mana hanya. Ɗan Mabera, wanne ya riga zuwa, ciwon gaɓoɓin ko na cikin? Wane magani yake sha don ƙugun, kuma wa ya rubuta masa? Ka tambaye shi launin bayan gidansa, kada ka ji nauyi. Yana shan madarar da aka tatso ba a dafa ba? Yana sa hannu wajen haihuwar dabbobi ko fiɗa? Idonsa ya taɓa yin ɗorawa?

Ɗan Mabera:
Likita ranka shi daɗe. Ƙugu da zazzaɓi sunka riga, ciki daga baya ya zo. Yanzun nan na shiga ɗakinai na zazzage ledar magungunan bisa tabarma. Akwai Felvin, akwai diklofenak, akwai wasu 'yan ƙanana hwarare da anka ƙulle cikin leda ba suna, ya ce mai kemis ya ce mai deksa na. Sai wani ja da wani ruwan ɗorawa su ma ba suna. Haɗi na aka yi mai, ƙulli ɗaya da sahe ɗaya da dare. Na sahen da shayi kawai shika sha shi hita, sai azahar shika cin abinci. Bayan gida ya ce wani lokaci shina duhu amma bai lura sosai ba. Ido bai canza ba. Madara kuwa in sun shiga ruga sayen shanu da ɗuminta shika sha, har nonon raƙumi shina saye. Ya ce kuma akwai saniyar da ta yi ɓari hannunai kahin sallah, shi ya jawo mahaihwar da hannu.

Likita:
To, ka ba ni abin da nake nema. Ina ganin abu biyu ne suka haɗu, kuma ɗaya ne ya jawo ɗayan.

Na gaggawa shi ne ledar nan. Felvin da diklofenak gida ɗaya suka fito, su da ibuprofen da asfirin. Suna kashe ciwo, amma hanyar da suke bi su kashe shi ita ce kuma take rage majinar da ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da yake narka abinci. Shan ɗaya kullum ma yana iya kawo gyambon ciki, balle biyu a haɗe, ga deksa (wato deksametason, maganin danne kumburi mai ƙarfi) a kai, ga ciki wayam. Zafin ƙahon zuciyar nan da wuya in ba daga nan yake ba. Ya dakatar da Felvin da diklofenak yau ɗin nan. Deksa kuwa in ya ɗauki makonni yana sha, ba a yanke ta rana ɗaya, rage ta ake yi a hankali, don haka ku kai wa likita ledar ya gani ya tsara masa. Ita deksa tana kuma danne garkuwar jiki, mutum ya ji daɗi ya ɗan yi kumatu, cutar kuwa tana ci a ɓoye. Duhun bayan gidan a bincika da kyau. In baƙi ne ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da mugun wari, jini ne ke zuba daga tumbi, kuma wannan ba ya jiran gobe.

Na biyu shi ne abin da ya fara kawo ciwon ƙugun. Mai mu'amala da shanu, mai shan ɗanyar madara, wanda ya taɓa mahaifar saniyar da ta yi ɓari, sannan ya zo da zazzaɓin yamma mai tafiya yana dawowa, zufar dare, ciwon ƙugu da gwiwa da rama, dole a nemi burusela a jikinsa. Ƙwayar cuta ce ta dabbobi da ke tsallakowa zuwa mutum. Tana son gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙugu, tana kuma kumbura saifa da hanta, wanda zai iya zama dalilin ciwon ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. A wasu mazan har maraina take kumburawa. Tsohuwar cuta ce. Wani likitan sojan Birtaniya, David Bruce, shi ya gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887, daga baya a 1905 aka gane madarar awaki ce ke raba ta ga sojoji, da aka hana su sha ciwon ya ja baya.

Abin da ke sa take wahalar da mutane a nan shi ne ba a cika tunaninta ba. Maganin taifod na mako ɗaya yakan ɗan taɓa ta, mutum ya ji sauƙi, sai ta dawo, domin a cikin ƙwayoyin jiki take ɓuya. Maganinta na gaskiya iri biyu ne a haɗe, aƙalla mako 6 ba fashi, in ta shiga ƙashin baya ya fi haka. Ban ce ita ce tabbas ba. Tarin fuka na iya kama ƙashin baya da ciki ya zo da wannan kama, kuma dole a duba shi, don ɗaya daga magungunan burusela, rifamfisin, shi ne kuma jigon maganin tarin fuka, ba a so a sha shi barkatai. A yi gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta su ma, ba don zargi ba, haka tsarin yake ga duk mai dogon zazzaɓi da rama.

Jikan Ardo:
Likita, da girmamawa, amma maganar nan tana da nauyi. Mu da nono aka yaye mu, iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abinci da ya wuce shi ba, kuma sun fi 'yan birni lafiya da tsawon rai. Yanzu in mutane suka karanta wannan sai su ƙaurace wa matanmu da ke tallan nono a Kofar Rini da bakin kasuwa, alhali da shi suke ciyar da gida. Kowace cuta sai a ce Bafillace ne ya kawo?

Likitan Dabbobi:
Jikan Ardo, ba wanda ya ɗora wa Fulani laifi, hasali ma su suka fi kowa cutuwa, kuma sun riga mu sanin ciwon. Ka tambayi duk wani dattijo a ruga game da bakkale, zai gaya maka saniya ce da ke zubar da ciki ya kusa isa haihuwa, mahaifa ta maƙale, madara ta ragu, wata gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa. To ita ce dai wannan. Asarar ɗan maraƙi ɗaya a yau ka san abin da take nufi ga mai garke.

Ba kowace saniya ke da ita ba, kuma ba a gane mai ita da ido a madara. Wuta tana kashe ƙwayar sarai. Kindirmon da aka dafa madararsa kafin a zuba masa tsami ba shi da matsala ta wannan fuska, kuma mata da yawa haka suke yi dama. Inda ake samun matsala shi ne madara mai ɗumin hantsa, da nonon da aka bari ya yi tsami ba tare da ya ga wuta ba, don tsami yana rage ƙwayar ne, ba ya ƙarar da ita. Nonon raƙumi kuma ya fi ba ni tsoro, saboda masu sayensa don magani suke saye, kuma an cusa musu cewa in aka dafa maganin ya mutu. Raƙuma suna ɗaukar burusela su ma.

Wanda ma ya fi madara haɗari shi ne ruwan haihuwa da mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Nan ƙwayar take cunkushe. Ɗan tsagewa a hannu ya ishe ta shiga, ko ta fantsama a ido. Mahauta, masu fiɗa a kwata, dillalai da mu kanmu likitocin dabbobi duk muna cikin layi. In ba safar hannu, a zura leda mai kauri, a binne mahaifar da ɗan da zurfi, kada a jefa wa karnuka.

Hajiya Inna:
To ni dai ban san wagga burusela ba, amma citta da tahwarnuwa ba su taɓa kashe kowa ba.

Likita:
Hajiya, gashin ruwan ɗumi a ƙugu yana da kyau, a ci gaba. Citta da tafarnuwa masu yawa ne dai a ɗan dakata da su, tunda tumbin yana da rauni yanzu, za su ƙara masa raɗaɗi.

Mai Kemis:
Na ga alamar kan mu za a sauke kayan. Ba ni na haɗa wa yaron nan magani ba, amma bari in faɗi yadda abin yake. Mutum zai shigo da gajiyar kasuwa ya ajiye kuɗinsa ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Ka ba shi farasitamol kaɗai ya ce ka raina shi, ya wuce shagon gaba inda za a ƙulla masa kala biyar. Ka ce ya je asibiti ya ce layi, ya ce kati, ya ce wa zai tsare masa rumfa. Ni na daina sa deksa a haɗi, kuma na yi asarar masu saye a kan haka. Amma a faɗi gaskiya, mutanenmu ne ke neman abin da zai sa su miƙe yanzu-yanzu.

Sista:
Alhaji, mun san ana matsa muku, amma mu ake kawo wa ƙarshen labarin da tsakar dare. Dattijo mai ciwon gwiwa ya shekara yana shan haɗi, sai a shigo da shi a galabaice, tafin hannunsa fari fat, yana aman jini, 'ya'ya suna zagaye asibiti neman wanda zai ba da jini. Wani kuma ƙodarsa ce ke tafiya, musamman a watannin zafi da ma'auni ke haura 40, mutum ya yini a rana bai sha ruwa ba ya kora diklofenak. Masu azumi da ke sha da sahur su ma su kula.

Tunda zauren nan da yawa muna da masu irin wannan ciwo a gida, ku riƙe waɗannan. Aman jini ko amai mai kama da gari-garin baƙi, baƙin bayan gida, ciki ya ƙage ya yi tauri ba ya son a taɓa, amai tare da rashin fitar bayan gida da iska, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya ragu ko fuska ta kumbura, gaɓa guda ta kumbura ta yi zafi mutum ya kasa motsa ta ga zazzaɓi. Kowanne aka gani asibiti kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne. Mace kuma in al'adarta ta wuce lokaci sai ciwon mara mai tsanani ya zo mata gefe ɗaya da jiri, kada a tsaya cewa sanyi ne, ciki na iya zama a wajen mahaifa. Wani abu ɗaya, maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana baƙanta bayan gida, don haka a gaya wa likita in ana shan sa.

Baƙon Anka:
Ni daga Zamfara nake, zama ya kawo ni Sakkwato. Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a ambata ba, gubar dalma. A 2010 mun ga tashin hankali a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da ƙasa. Kowa yaran yake tunawa, amma manya ma sun sha wuya: murɗar ciki mai tsanani, bayan gida ya ƙi fita, gaɓoɓi da tsoka su yi ta ciwo, jiki ba ƙarfi. Da yawa maganin basir da na taifod suka yi ta sha. Yanzu samarinmu na nan suna tafiya wuraren haƙar zinari su dawo. In ƙanen naka ya taɓa zuwa, a faɗa wa likita.

Ɗan Mabera:
Bai taɓa zuwa haƙar zinari ba, iyakarsa Kara da Achida da Illela.

Likita:
Baƙon Anka ya kawo magana mai amfani ko da ba ta shafi wannan yaron ba. Ba masu zinari kaɗai ba, masu fasa batirin mota da narka dalmarsa suna ciki, kuma akwai kwallin da ake samun dalma a cikinsa. Bambancinta shi ne ba ta cika zuwa da zazzaɓi ba, kuma taurin bayan gida ne a gaba.

Akwai wasu da ke haɗa ciki da gaɓoɓi da ya kamata a sani. Ciwon hanta nau'in B yakan fara da ciwon gaɓoɓi da kasala kafin ido ya canza. Wani kuma zai yi gudawa ko atuni ya warke, bayan mako ɗaya zuwa huɗu gwiwa ko idon sawu ya kumbura, wani lokaci da jan ido da zafin fitsari, garkuwar jiki ce ta rikice bayan yaƙi da cutar. Budurwa ko matashiyar mace mai ciwon gaɓoɓin yatsu, zubewar gashi, gyambon baki da ƙuraje a fuska in ta shiga rana, ana duba ta don lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin mai ita. Shi ya sa tarihin mutum ya fi takardar Widal amfani a wurinmu.

Maman Sadiq:
Likita, ni dai kada a manta da gwajin da na faɗa. Ko ba shi da sikila saurayi ne, gobe zai nemi aure. Ni da maigidana duka AS ne, ba mu sani ba sai da ciwo ya bayyana. Kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, ba wai in ka haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki da nasa rabon. Ga iyaye irina kuma, abin da na koya shi ne ruwa, ruwa, ruwa, da rigar sanyi da safa in hunturu ya shigo, da gidan sauro, da folik asid kullum. An koya mini taɓa gefen hagu na cikinsa, in na ji saifa ta sauko ta yi girma kuma ya yi fari ya yi laushi, ba na jiran gari ya waye. Tun da aka ɗora shi a kan haidroksiyuriya ciwon ya ragu sosai, amma sai da gwajin jini a kai a kai, ba a saye a sha haka kawai.

Likita:
Gaskiyarki Maman Sadiq, a haɗa da shi, jini ɗaya za a ɗiba.

Ɗan Mabera:
Na karɓe ledar na ɓoye. Amma yanzu shina cewa ƙugun ya hana shi sakat, mi za mu ba shi kahin mu ga likita? Kuma tsohuwa ta dage sai an kai shi wajen mai magani a ƙauye tukuna.

Malam na Gidan Igwai:
Ɗan Mabera, ka lallaɓi mahaifiya da ladabi, kada ka yi mata gardama a kan sammu. Ka ce mata za a yi addu'a kuma za a je asibiti, ba sa karo da juna. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ita da kanta ta riƙa yi masa tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, addu'ar uwa ta fi ta wanda za a biya. Abin da ba na so shi ne a kai shi inda za a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba a kan tumbin da likita ya ce ya ji rauni.

Likita:
Farasitamol zai iya sha, ƙwaya biyu masu 500 a lokaci guda, tsakani aƙalla awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, kuma ya duba kada wani maganin mura da yake sha ya ƙunshi farasitamol ɗin. Ya ci abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ya rage yaji da goro da shayi mai kauri a cikin wayam, in yana shan taba ya ajiye. Kada ku sayi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jini, zai ɓata gwajin.

Gobe ku je Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) da ledar magungunan da duk takardun gwajin baya. In kun shiga kada ku fara da cewa taifod ke damunsa. Ku faɗi sana'arsa, ku faɗi ɗanyar madara da nonon raƙumi da saniyar da ta yi ɓari, ku faɗi zufar dare, sannan ku tambaya ko za a duba burusela. Akwai gwajin jini mai sauri da ake kira Rose Bengal, akwai kuma shuka jini, a gaya wa mutanen lab abin da ake zargi don ƙwayar tana jinkirin tsirowa kuma tana iya kama mai aikin. In akwai wanda suke shan madarar tare a gida yana zazzaɓi, a taho da shi. Amma in daren nan bayan gidan ya fito baƙi ko ya ji jiri in ya miƙe, ku tafi sashen gaggawa a daren.

Malama ta Arkilla:
Likita don Allah a gafarce ni in shigo da nawa. Ɗiyata 'yar shekara 7 ta yi mura makon jiya, yanzu tana kukan ciki da idon sawu, har ba ta son takawa. Yau da nake mata wanka na ga wasu ɗige-ɗige masu duhu a ƙafafunta da mazaunanta, sun ɗan taso, in na danna ba sa ɓacewa. Ba ta da zazzaɓi, genotayif ɗinta AA ne. Maƙwabciyata ta ce ƙyanda ce ta maƙale.

Likita:
Malama, ƙyanda daga fuska da bayan kunne take farawa, da zazzaɓi mai zafi da jan ido. Abin da kika kwatanta ya fi kama da kumburin ƙananan jijiyoyin jini da ke samun yara bayan mura, mai zuwa da abubuwan nan uku, ɗige-ɗige a ƙafa da mazaunai, ciwon gaɓa da ciwon ciki. Yawancin yara suna warkewa cikin makonni, amma yana iya taɓa ƙoda ba tare da an gani ba, don haka ana gwada fitsari da awon hawan jini yanzu, a kuma ci gaba da maimaitawa har wasu watanni. Ki kai ta likitan yara yau, kada ki ba ta ibuprofen kafin a duba ƙodar. Ɗigon da ba ya ɓacewa in an danna ba a zama da shi a gida ko da yaro yana wasa, domin sanƙarau da ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini su ma suna kawo shi. In zazzaɓi ya shigo, ko wuya ya sanƙare, ko kika ga jini a bayan gida, ko ciwon cikin ya riƙa zuwa mata da ƙarfi tana amai, sashen gaggawa za ki nufa.

Jikan Ardo:
Likitan Dabbobi, na yi magana da Baffana, ya ce bakkale kam sun san ta, har akwai shanu biyu a garkenmu da suka zubar bana. To man shanu fa, da cukun da ake kawowa daga Nijar? Kuma naman irin wannan saniyar ana ci?

Likitan Dabbobi:
Ɗanyen man shanu da aka kaɗa daga nonon da bai ga wuta ba yana iya riƙe ƙwayar makonni, amma in an soya shi shi ke nan. Cuku ya danganta da ko an dafa madarar kafin a yi shi, ka tambayi mai sayarwa. Nama in ya dahu sosai ba matsala, hanta da saifa ne kada a ci su da jini-jini a wajen mai tsire. Madara kuma ta tafasa har ta taso, a juya, a sauke. Shanun nan biyu ku ware su daga garke lokacin haihuwa, kada yara su sha madararsu ɗanya, kuma ka zo da Baffa asibitin dabbobi mu shirya a je a ɗebi jinin garken duka har da bijimin.